Jini A Cikin Fitsari: Labarin Masu Aikin Danƙo Da Manoman Fadama

Muna gai da mutanen Funtuwa da na Malumfashi, da na Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ƙanƙara, da duk wanda ya ke zaune a kan benci a ƙofar ɗakin shan magani yana jiran a kira shi. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.

Yau maganarmu a kan fitsari ce. Ku yi mini gafara, na san ba magana ce da a ke yi a gaban surukai ba. Amma kunyar nan ta kai magidanta da yawa kabari, saboda haka gara mu yi ta a fili.

Ku tambayi ko wane malamin asibiti a ƙasar nan, zai gaya muku abu guda. Yaro ya kan zo da jini a fitsarinsa, a ba shi magani, ya warke. Babba kuwa ba ya zuwa. In ya ga jini sai ya ce, "Af, ai tsargiya ce, tun muna yara mu ke yinta." Bayan kwana biyu jinin ya ɗauke, ya ce ya warke. Sai bayan shekara, ko shekara biyu, a kawo shi a mota, ya rame, mara ta kumbura, fitsari ba ya fita sai da kuka. A sa'an nan likita ba shi da sauran dabara mai yawa. Ciwon da ya kama shi shi ne ciwon daji na mafitsara, wanda waɗansu ke kira sankara.

Ciwon nan ba haka kawai ya ke faɗo wa mutum ba. Sau da yawa sana'ar mutum ce ta ke shuka shi, tun yana saurayi, ya yi ta kwanciya shiru har furfura ta fito. Yadda likitoci su ka gane haka labari ne mai tsawo, kuma ba a nan ya faru ba. Amma ku saurara, don ƙarshensa zai dawo da mu har bakin fadamar garinku.

Abin da ya faru a ƙasar Turai

A shekarar 1895 wani likita Bajamushe mai suna Ludwig Rehn, a birnin Farankfot, ya lura da wani abin mamaki. A wata masana'anta inda a ke haɗa garin rini, cikin mutum 45 masu aiki a sashe guda, uku sun kamu da ƙari a mafitsara. Ciwon nan kuwa ba mai yawa ba ne a cikin jama'a. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, lalle akwai wani abu a cikin aikin nan. Ya zargi wani magani da a ke kira anilin. Daga baya an gane ba anilin ɗin ne ainihin mai laifi ba, waɗansu 'yan'uwansa ne, manyansu su ne bita-naftilamin da benzidin. Kada sunayen su dame ku, ba sai kun riƙe su ba. A 1938 wani masani a Amurka, Wilhelm Hueper, ya yi ta ba karnuka bita-naftilamin, su ka kamu da ƙarin mafitsara irin na mutane. Nan magana ta fara tabbata.

To, ina ruwan danƙo a ciki? Danƙo, watau robar da a ke yin tayar mota da ta keke da ita, ruwan wani itace ne. A ƙasarmu ana shuka itacen a kudu, wajen Binin da Safele da Kalaba, a tsaga bawonsa ruwan ya ɗiga a ƙoƙo. Ruwan nan ba ya jawo ciwon daji, mai tatsarsa kuma ba ya cikin wannan hatsari. Amma danƙo tsantsa ba ya yin taya. Rana ta kan narkar da shi, iska ta kan tsofar da shi ya yi ta tsagewa. Sai an kai shi masana'anta an cuɗa shi da farar wuta da baƙin gari da magunguna iri iri, an dafa shi da zafi mai tsanani. A cikin magungunan nan akwai na hana tsagewa. Wanda a ke amfani da shi a Ingila a zamanin, sunansa Nonox S, ashe yana ɗauke da ɗan kaɗan na bita-naftilamin ɗin nan.

Ba wanda ya sani. Mutane su na aunawa da hannu, su na zubawa a injin, ƙurarsa ta na bin tufafinsu, tururinsa ya na shiga hancinsu. Ba ya ƙuna, ba ya sa tari mai tsanani, ba ya kwantar da kowa. Mutum ya yi aikinsa lafiya lau, ya karɓi albashinsa, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya.

Wanda ya tono asirin wani likita ne na London, Robert Case. Shi ma ba danƙo ya fita nema ba. An sa shi ya bincika ciwon mafitsara a cikin ma'aikatan rini. Don ya san ko nasu ya fi na sauran mutane yawa, sai ya ɗauki takardun asibitin wani gari don ya gwada. Ya duba, ya ga ciwon ya yi yawa a garin fiye da yadda ya kamata. Ya bi sunayen ɗaya ɗaya, ya tambayi aikin kowa, sai ga shi da yawansu ma'aikatan wata babbar masana'antar taya ce. A 1949 aka janye maganin nan daga aikin danƙo a Ingila, a 1954 kuma Case ya buga sakamakon bincikensa. A cikin abin da aka gano har da wannan: a wata ƙaramar masana'anta, mutum 15 ne su ke aikin tace bita-naftilamin, dukansu 15 ciwon ya kama su, ba wanda ya tsira. A 1967 Ingila ta yi doka ta hana yin maganin da amfani da shi.

Ga abin da na ke so ku riƙe daga labarin nan. An janye maganin a 1949, amma ciwon bai tsaya a 1949 ba. An yi ta kawo tsofaffin ma'aikata asibiti shekara da shekaru bayan haka. Tsakanin ranar da dafin ya shiga jiki da ranar da jini ya bayyana a fitsari a kan sami shekara 15, ko 20, wani har 40. Mutum ya bar aikin, ya koma garinsu, ya manta ma da warin wurin, sa'an nan ciwo ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Kada kuma a ce magana ce ta da, ta wuce. A 1991 likitocin Gwamnatin Amurka su ka buga binciken da su ka yi a wata masana'anta a garin Niyagara inda a ke haɗa maganin hana tsagewar taya na zamani. Bisa ƙididdiga, mutum uku ko huɗu ya kamata a samu da ciwon mafitsara a cikin ma'aikatanta. Sai aka sami 13. Wani ɗan'uwan dafin nan ne, mai suna oto-toluwidin. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta sa aikin masana'antar danƙo a cikin jerin abubuwan da aka tabbatar su na jawo ciwon daji, har yau kuma ya na cikin jerin.

Me ya sa mafitsara?

Wani zai ce, abin da ya shiga ta fata ko ta hanci, me ya kai shi mara? Ga yadda abin ya ke. Duk abin da ya shiga jini sai ya bi ta hanta. Hanta ita ce mai sarrafa dafi, ta juya shi yadda zai fita. Daga nan ƙoda ta tace shi, ta zuba shi cikin fitsari. Fitsari ya gangara mafitsara, ya zauna.

Ku dubi randar da a ke jiƙa kanwa ko baba a ciki. Guga da aka ɗebo ruwan da shi ba ya rina, don ruwan bai daɗe a cikinsa ba. Randar ce ta ke rina, don a nan ruwan ya ke kwana. Haka mafitsara ta ke. Ita ce randar jiki. Awa uku, awa huɗu, dare guda, dafin ya na kwance a jikin bangonta, yau da gobe, shekara da shekaru. Fatar da ta shafe cikin mafitsara kuwa laushi gare ta, kamar ta cikin baki. In ta daɗe ta na shan wahala, sai waɗansu 'yan ƙwayoyinta su lalace, su fara tsiro ba tsari. Tsiron nan shi ne ƙari. Da fari ya kan tsaya a kan fatar kawai, kamar ɗan gansakuka. In an bar shi sai ya yi saiwa cikin naman mafitsara, ya huda ta, ya bazu.

Mu da ba mu da masana'antar taya

Babu masana'antar taya a Funtuwa ko Malumfashi. Manyan guda biyu da ƙasarmu ta taɓa yi, ta Michelin a Fatakwal da ta Dunlop a Ikeja, an buɗe su ne a farkon shekarun 1960, bayan an riga an janye wancan maganin a Ingila, kuma sun daina yin taya a 2007 da 2008. Amma mutanen ƙasar nan matafiya ne. Gida nawa ne ba shi da wanda ya tafi cin rani Kano ko Kaduna ko Ikko ya zarce shekara goma? Wani ya yi aiki inda a ke narka roba a yi takalma, wani a sashen rini na masaƙa, wani a majema ta zamani inda a ke rina fata, wani ya yi fenti. Yanzu sun dawo gida su na noma. In kana cikinsu, Malam, maganar nan taka ce. Ba cewa na ke ciwo zai kama ka ba, yawancin waɗanda su ka yi aikin ba ya kama su. Cewa na ke, ranar da ka ga jini, kada ka jira na biyu.

Marina su saurara da kyau. Baban da kakanninmu su ke rini da shi a karofi ba a same shi da wannan laifi ba. Garin rini na kanti, wanda a ke sayarwa a gwangwani ko a ƙulle a leda ba suna, shi ne abin tsoro, don waɗansu irinsa da benzidin a ke yinsu, in sun shiga jiki kuma su kan koma benzidin. A birnin Kiyoto na ƙasar Japan akwai masu zanen siliki da su ka saba lasar bakin alkalaminsu don ya yi tsini. Likitoci su ka tarar ciwon mafitsara ya yi musu yawa. Mu ma na sha ganin marini ya tsoma hannu har gwiwa a cikin tukunya, ya fito ya ɓare goro ya jefa a baki, hannun ko ɗauraya babu. Safar hannu ta roba mai tsawo ba ta kai kuɗin kwana guda a asibiti ba. A ci abinci nesa da tukunyar rini. A wanke hannu da sabulu. Rigar aiki a tuɓe ta a wurin aiki, kada uwargida ta haɗa ta da kayan yara ta wanke.

Mai facin taya a bakin tasha ba ya cikin hatsari irin na mai cuɗa magani a masana'anta, don tayar ta zo masa a dafe. Abin da zai guje wa shi ne hayaƙi. Ƙona tsohuwar taya, ko don a ciro wayar cikinta, ko don a babbake kai da ƙafa da ganda a mahauta, ya na fid da baƙin hayaƙi mai ɗauke da dafi iri iri, cikinsu har da masu jawo ciwon daji. Mai babbaka ya shaƙa, mai cin naman kuma ya samu rabonsa. Itace ko kara ko gas sun fi.

Sai taba. A nan zan ɗan daɗe, don mutane ba su san wannan ba. Kowa ya ji cewa taba ta na ɓata huhu. Amma bita-naftilamin ɗin nan da Ingila ta yi wa doka, ya na nan a cikin hayaƙin ko wane karan sigari. Mai shan taba, ko bai taɓa taka ƙofar masana'anta ba, ya na aika wa mafitsararsa dafin masana'anta kullum, da kuɗinsa kuwa. A ƙasashen Turai da Amurka wajen rabin masu ciwon dajin mafitsara taba ce sanadinsu, kuma hatsarin mai sha ya ninka na wanda ba ya sha wajen sau uku. In mutum ya haɗa aikin rini ko na danƙo da taba, ya tara wa randa guda ruwa biyu. Shisha da samari su ka ɗauka ado ita ma hayaƙin taba ce. Wanda ya daina, hatsarinsa ya kan yi ta raguwa shekara bisa shekara, ko da ya daɗe ya na sha.

Masana'antarmu ita ce fadama

Yanzu mun dawo gida. A ƙasar Hausa babban mai shuka ciwon nan ba ya cikin gwangwani, ya na cikin ruwa. Tsargiya ce.

Na sha jin ana cewa zafin rana ke kawo ta, ko kuwa alama ce yaro ya fara zama namiji. Ba haka ba ne. Tsutsa ce. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganinta a jikin mutum a Alƙahira a 1851, shi ya sa Turawa su ke kiran ciwon da sunansa. Ga yadda ta ke zagayawa. Mai tsargiya ya yi fitsari a kududdufi ko a bakin dam. Ƙwayayen da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wata 'yar katantanwa da ke maƙale a ciyawar ruwa. Bayan wata guda ko fiye su fito dubbai, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya shiga ruwan, sai su huda fatarsa su shige, ba sai ya sha ba. Su girma a cikin jini, su je su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, macen ta yi ta zuba ƙwai ɗaruruwa ko wace rana, shekara uku, shekara biyar.

Ko wane ƙwai ya na da 'yar ƙaya a gindinsa. Waɗansu su huda bangon mafitsara su fita tare da fitsari, shi ne jinin da a ke gani. Waɗansu kuwa su maƙale a cikin naman, ba su fita har abada. Jiki ya yi ta faɗa da su, wurin ya yi miki, ya warke, ya sake yin miki, ya yi tabo, ya taurare. Abin da dafi ya yi wa mafitsarar mai aikin danƙo, shi ƙayar ƙwai ta ke yi wa mafitsarar mai noman rani. Lokacin ma kusan ɗaya ne: yaron da ya yi ta fama da tsargiya ya na ɗan shekara goma, ya na iya ganin ƙari ya na ɗan arba'in ko hamsin. Tun 1911 wani likita a Alƙahira, Ferguson, ya nuna cewa ciwon biyu su na tafiya tare. A 1994 hukumar nan ta Liyon ta sa tsutsar tsargiya a jeri guda da bita-naftilamin.

Ƙasarmu ta nan ba baƙuwa ba ce a littattafan likitoci kan wannan magana. A cikin shekarun 1970 likitoci daga makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, tare da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun zauna a ƙasar Malumfashi shekaru su na binciken cututtukan ƙauye. Dattawa za su tuna da su. Sun auna fitsarin mutane da yawa, har sun sa an zauna a bakin madatsar Ruwan Sanyi ana rubuta wanda ya shiga ruwa, da abin da ya kai shi, da daɗewar da ya yi. Su ka tarar yara maza da samari su ne su ka fi ɗaukar tsutsar, su ne kuma su ka fi mayar da ita ruwa, ta wajen iyo da wanka da su. Yaran da aka auna a wancan lokaci, yau su ne dattawan gari masu shekara sittin.

Tun daga sa'an nan kuwa ruwan kwance ƙaruwa ya yi. Ga dam na Mairuwa da na Gwaigwaye a wajen Funtuwa, ga na Malumfashi, ga ramukan da masu aikin hanya su ka bari. Madatsun nan alheri ne, ba mai musu. Da su a ke samun tumatir da rake da albasa da alkama da rani, su ne su ka hana samari da yawa tafiya cin rani. Amma katantanwa ita ma ta samu gida. Mai ban ruwa da ke tsaye cikin kwata tun safe, masunci, mai wanki, mai kwaɓa ƙasar tubali, yaron da ke wanke babur a bakin dam, duk sana'arsu ce ta ke kai su. Ba za a ce musu su bar ruwa ba, don a nan abincinsu ya ke. Likitocin asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato sun daɗe su na ba da labari cewa irin ciwon dajin mafitsara da su ka fi gani shi ne irin da tsargiya ke jawowa, a Sakkwato ma an taɓa samunsa ya fi ko wane ciwon daji yawa a cikin maza. Yawanci kuma a makare a ke kawo su.

Akwai abin ƙarfafa zuciya. A Masar, inda ciwon ya fi ko'ina yawa a da, da aka dage da ba mutane maganin tsargiya shekara da shekaru, irin wannan ciwon daji ya ragu ƙwarai.

Maganin sunansa farazikwantal. Ƙwaya ce, a sha sau ɗaya, gwargwadon nauyin mutum ko tsawonsa, bayan an ci abinci. A kan raba shi kyauta a makarantu. Iyaye, in aka zo rabo kada ku hana 'ya'yanku. Wani yaro ya kan ji jiri ko ciwon ciki na 'yan awoyi, ya wuce. Malaman makarantun allo, ku ma ku nemi a zo muku, don almajirai sun fi kowa shiga kududdufi. Maganin ya na kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana wata shiga gobe, saboda haka mai aikin ruwa ya riƙa zuwa ana auna shi ko wace shekara. Wanda ya ke da hali ya sayi dogon takalmin roba. Tsutsar ta fi fitowa daga katantanwa da tsakar rana, don haka aikin sassafe ya fi sauƙin hatsari. Ruwan wanka in daga dam aka ɗebo, a bar shi a randa kwana biyu, tsutsar za ta mutu. Kuma kowa ya hana ɗansa fitsari a cikin ruwa, don daga nan zagayen ya ke farawa.

Ranar da ka ga jini

Jinin tsargiya ya kan zo a ƙarshen fitsari, ɗigo kaɗan, yawanci ga yaro ko saurayi. Jinin ƙari ya kan gauraye fitsarin duka, ya yi ja ko ya yi kamar ruwan zoɓo, wani lokaci da guda-guda. Da fari ba ya zafi ko kaɗan. Ya zo yau, ya ɗauke wata biyu, ya dawo. Rashin zafin nan da ɗaukewar nan su ne su ke ruɗin mutane. Daga baya sai yawan fitsari, da raɗaɗi, da fitar wani abu fari-fari kamar tsokar nama, da rama.

Ba duk jini ne ciwon daji ba. Tsakuwa a ƙoda ta kan kawo shi, ciwon sanyi ya kan kawo shi, haka kumburin da ke tsare wa tsofaffi fitsari. Amma ba mai iya rarrabewa da ido, ko likita. Saboda haka ga ƙa'ida: duk wanda ya kai shekara 40 ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko ba zafi, ya je a duba shi cikin makon nan. Mata ma haka. Ciwon ya fi kama maza, amma mace ta kan ɗauka jinin al'ada ne, ta yi shiru. Wadda ta riga ta daina al'ada in ta ga jini, maigida ya kai ta, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

A ɗakin shan magani za a karɓi fitsarinka. In don neman ƙwan tsargiya ne, na tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 2 na rana ya fi, a kuma haɗa da ɗigon ƙarshe. Za a duba da madubin likita. In an ga ƙwai za a ba ka magani. Amma a nan ne a ke yin kuskure mai tsada: ganin ƙwai bai nuna babu ƙari ba, su biyun su kan zauna tare, farazikwantal kuwa ba ya taɓa ƙari. In ka sha magani, bayan mako huɗu ko shida jini bai tsaya ba, ko ya tsaya ya dawo, ka nemi takarda zuwa babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi a ɗauki hoton mara. In sun ga abin da ba su yarda da shi ba, za su tura ka Shika, wadda ke kan hanyarmu kafin a shiga Zariya, ko Katsina, ko Kano. A can akwai wani siririn madubi mai fitila da a ke zurawa ta hanyar fitsari a leƙa cikin mafitsara, bayan an kashe zafin wurin. In ƙarin bai yi saiwa ba, ta nan a ke kankare shi, ba a tsaga ciki ba, mutum ya koma gonarsa. Sai dai ya riƙa komawa ana leƙawa, don ya kan sake tsirowa. In ya riga ya yi saiwa, sai babban aiki, wani lokaci a cire mafitsarar ɗungum, kuɗinsa kuma ya kan cinye gona da shanu.

Sa'ad da ka zauna gaban malamin asibiti, kada ka ce "ni manomi ne" ka yi shiru. Ka faɗi duk aikin da ka taɓa yi tun kana saurayi: shekara nawa a masana'anta, a wane sashe, me ka ke taɓawa, wane launi ya ke bari a hannunka, ko ka yi tsargiya kana yaro, ko kana shan taba, kara nawa a rana. Malamai, ku ma ku tambaya, ku rubuta a kati. Wanda ya yi aikin kamfani kuma ya adana katin aikinsa da takardun albashi, don dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda aikinsa ya jawo masa cuta, ba a kuwa samunta sai da shaida.

Wanda ya saurari wannan jawabi, ko aka karanta masa takardar nan, in ya san wani a gidansu ko a unguwarsu da ya taɓa ambatar jini a fitsari, ya je ya same shi yau bayan sallar isha'i, su biyu kaɗai, ya tambaye shi ko an duba. In ba a duba ba, su shirya ranar da za su tafi tare. A zo da sassafe, a zo da katin asibiti na da in akwai, kada kuma a yi fitsari a hanya, don za a bukace shi.